Ƙarfen Ɗagawa na Siminti: Yadda Ake Zuba Shi, da Yadda Mutanen Da Suke Ɗaga Shi

Kusan kowace unguwa a Zariya, daga Tudun Jukun zuwa Muciya, daga Gyallesu har Samaru, za ka tarar da wani kango ko lungu inda samari suka ajiye ƙarfen ɗagawa. Kuma duk kusan kai ɗaya ne: bututun ruwa an cusa kowane bakinsa a bokitin fenti mai lita 20 an cika da kankare, sai bencin katako yana rawa a gefe. Sana'ata walda, ƙarfe kuwa tun ina saurayi nake ɗagawa, don haka in sandar ta lanƙwashe ko ta karye shagona ake kawo ta. Abin da nake gaya wa masu kawowa guda ne: wannan ƙarfen ba zai ƙara wa kowa ƙarfi ba, saboda ba a iya rage shi, ba a iya ƙara shi. Lita ɗaya ta busasshen kankare tana yin kilo 2.3 zuwa 2.4, ka ga bokiti biyu sun haura kilo 90 ke nan. Yaron da ya fara jiya ba zai motsa shi ba sai mutum biyu sun kama masa, a nan yake jawo wa kansa ciwon ƙugu. Ƙaton da ya daɗe yana ɗagawa kuma ya riga ya wuce shi, maimaita abu ɗaya kawai yake yi.

Ba mu muka fara shiga wannan matsala ba. A tsakiyar ƙarni na 19, lokacin da wani Bafaranshe mai suna Hippolyte Triat ya buɗe katafaren gidan motsa jiki a birnin Faris, sandunan da ake ɗagawa dunƙulen ƙarfe ne mai siffar ƙwallo a kowane gefe. In kana son ƙarin nauyi sai ka koma wata sandar daban, saboda haka sai mai hali ke iya tara su. Daga baya aka riƙa yin ƙwallon da rami a ciki, a buɗe a ɗura yashi ko ƙwayoyin dalma. A wannan zamanin Eugen Sandow, Bajamushen da aka haifa a 1867, ya yi suna a dandalin wasanni na Turai da Amurka, ya buɗe makarantar gina jiki a Landan a 1897, sannan ya shirya babbar gasar nuna ƙira a zauren Royal Albert Hall a 1901. Amma ni a wurina wanda ya yi wa talaka aiki shi ne Alan Calvert, wanda ya kafa kamfanin Milo a Filadelfiya ta Amurka a 1902, yana ƙera sandunan da mutum zai ƙara wa nauyi ko ya rage a cikin ɗakinsa, har abin ya tsaya a kan fayafayan ƙarfe da ake zurawa a cire. Sunan kamfanin na wani ɗan kokawar Girkawa ne da ya rayu a ƙarni na shida kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, shi ne dai wanda aka sa wa garin shayin nan sunansa. Ana ba da labarin cewa kullum sai ya saɓa ɗan maraƙi a kafaɗa ya yi tafiya da shi, har maraƙin ya zama bijimi yana saɓa shi. Ko labarin ya faru ko almara ce, dabarar da ke cikinsa ita ce ginshiƙin wannan harka: nauyin yau ya ɗara na jiya da ɗan abin da jiki ba zai firgita ba. To fayafayai za mu zuba, ba bokiti ba.

Zubin faifai

Buhun siminti ɗaya mai kilo 50 zai ba ka kankaren da ya haura kilo 250, don haka ku haɗa kuɗi ku huɗu ko biyar. Yashin ya zama na rafi mai kaushi, ba lallausan da ake filasta da shi ba. Ka jiƙa kaɗan ka damƙe a hannu, in ya bar maka jan laka a tafi sai an wanke shi, don laka ce ke sa faifai ya riƙa marmashewa ta gefe. Tsakuwa ƙanana, kada ta wuce rabin inci. Awon shi ne kwano ɗaya na siminti, biyu na yashi, uku na tsakuwa. A gauraya su a bushe har launi ya zama ɗaya kafin a sa ruwa, ruwan kuma kaɗan-kaɗan. Kwaɓin da ke gudu a shebur ya sha ruwa da yawa, kuma zai yi rauni ko da ya bushe. Wanda nake so shi ne in ka tara shi ya tsaya, in ka bubbuga shi da cokalin magini ya kwanta ya yi sheƙi.

Mazubi ba sai ka saya ba. Ni nakan lanƙwasa langalanga in yi zobe in ɗiga masa walda, in shimfiɗa leda a daɓen da yake daidai in ɗora. In ba ka da mai walda a kusa, robar wanki mai shimfiɗaɗɗen gindi ko yankakken gindin bokiti ya isa. Ka shafe ciki da baƙin mai na wurin makanikai don kada ya kama. Ga awon da nake aiki da shi. Faifai mai faɗin santimita 45 da kaurin biyar da rabi yana ba da wajen kilo 20. Mai faɗin 30 da kaurin shida, wajen kilo 10. Mai faɗin 22 da kaurin biyar da rabi, wajen kilo biyar. Mai faɗin 16 da kaurin biyar, wajen kilo biyu da rabi. Kowanne ka zuba biyu-biyu a rana ɗaya daga kwaɓi ɗaya, don su zo daidai da juna. Santimita 45 ɗin nan ba ni na ƙirƙira ba, shi ne faɗin babban faifan gasa a duk duniya, kuma shi ke ɗaga sanda daga ƙasa zuwa wajen tsakiyar ƙwauri, inda mutum zai sunkuya ya kama ba tare da ya ƙudundune baya ba.

Tsakiyar faifai ita ce wurin da aka fi yin ganganci. Ka yanko guntun bututun ƙarfe wanda sandarka za ta shige cikinsa ba matsi ba kuma lako-lako, tsawonsa daidai kaurin faifan, a yi masa waldar ƙusoshi huɗu suna kallon waje. Su za su riƙe shi cikin kankaren. Ka auna da zare ka tabbatar yana tsakiya sosai, ka toshe raminsa da tsumma. Zuba rabin kwaɓin, shimfiɗa wayar kaji ko zoben siririn rodi, sannan ka cika. Sai ka ɗauki guduma ka yi ta ƙwanƙwasa gefen mazubin a hankali. Za ka ga ƙananan kumfa suna tasowa suna fashewa a saman, wani ruwa-ruwan siminti yana biyo su. Kada ka daina sai kumfan sun ƙare, don kowane kumfan da ya maƙale a ciki rami ne, kuma daga nan tsagewa take farawa.

Sai haƙuri. Siminti ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwarsa da ruwa ce, shi ya sa wanda aka shanya a rana don ya yi sauri yake fashewa. Bayan kwana biyu ka cire mazubi, ka lulluɓe faifan da jiƙaƙƙen buhun algarara a inuwa, ka riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai aƙalla. Cikakken ƙarfinsa sai kwana 28. Da hunturun Zariya, tsakanin Disamba da Janairu, iska tana shanye danshi cikin awa kaɗan, sai ka ɗora leda a kan buhun ka danne gefenta da duwatsu. In ya nuna, ka kai wa 'yan gwangwan ko mai sayar da hatsi ya ɗora maka a sikeli, ka rubuta ainihin nauyin da fenti a jikinsa. In ya zo kilo 19 ka rubuta 19. Tun da kana wurin 'yan gwangwan, ka nemi ƙananan ƙarafa masu huji guda biyu, kowanne wajen kilo ɗaya. Ka riƙe su da kyau, nan gaba za ka ga sun fi manyan fayafayan amfani.

Sandar gasa ta maza kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, kaurinta milimita 28, ta mata kuma kilo 15 da kaurin milimita 25. Ba ka buƙatar wannan. Rodi mai kaurin milimita 25, tsawon mita biyu, yana yin kusan kilo takwas, kuma zai ɗauke ka har wajen kilo 100 muddin ba jefar da shi kake yi ba. Bututun ruwa kuwa cikinsa fanko ne, yana lanƙwashewa, in kuma tsatsa ta ci shi ta ciki ba ya ba da sanarwa kafin ya karye. In rodin gini ne mai zane a jiki, a goge wurin kamun da injin gurza don kada ya tsaga tafi. A yi waldar washa mai kauri a kowane gefe, a bar mita 1.3 a tsakaninsu, nan fayafayai za su tokare. Matsewar waje kuma guntun bututu ne a huda shi, a yi waldar noti a kan hujin a ɗaura bol. Kada ka taɓa ɗaga sanda ba matsewa.

Mazaunin sanda shi ne na ƙarshe. Wani Bajamushe, Henry Steinborn, wanda ya je Amurka a 1921 ya yaɗa tsugunno da nauyi mai yawa, ba shi da mazauni: tsayar da sandar yake yi a kan baki ɗaya, ya shiga ƙarƙashinta ya karkato ta kan kafaɗarsa. Kada ka gwada. Ka kafa turaku biyu masu gwafa, na ƙarfe ko na icce mai ƙwari, a haƙa musu rami a zuba kankare, tsawonsu ya tsaya ɗan ƙasa da kafaɗarka. A gabansu ka kafa wasu gajeru guda biyu daidai inda sanda take kaiwa in ka tsugunna, ranar da ka kasa tashi su za su karɓe ta. Inda fayafayai ke sauka kuma ka shimfiɗa yankakkiyar tsohuwar taya. Kada ka raina wannan kayan. Paul Anderson na Amurka da kankare da tsofaffin ƙarafan mota ya yi atisaye a gidansu, ya je ya ci zinare a Olimfik ta 1956.

Abin da za ka ɗaga

Wanda ya koya mini wani tsohon soja ne da ya koma gadi a Sabon Gari bayan ya bar aiki. Na taɓa ce masa, “Baba, yaushe zan hau benci?” Ya ce, “Ɗana, sai ka iya tsayuwa da ƙarfe tukuna, kwanciya ba ta guduwa.” Daga baya na gane tsarin mutanen da ne yake bi. A gasar Olimfik ta zamani ta farko a Atina a 1896, ɗagawa iri biyu aka yi, kuma duk daga ƙasa zuwa saman kai ne: da hannu ɗaya Launceston Elliot na Birtaniya ya ci da kilo 71, da hannu biyu Viggo Jensen na Denmak ya ci da kilo 111.5. Da wannan salon na tsaye Misirawa suka girgiza Turai. Sayyid Nusair ya ci zinare a 1928, Khidr al-Tuni kuma a Balin a 1936 ya tara kilo 387.5 a ɗagawa uku, ya zarce har wanda ya ci zinare a ajin da ya fi nasa nauyi. Benci bai zama ruwan dare ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Ban ce banza ne ba, ai a kansa Yakubu Adesokan ya ɗaga wa Najeriya kilo 180 a gasar masu buƙata ta musamman a Landan a 2012, alhali nauyin jikinsa bai wuce kilo 48 ba. Amma mai ƙafafu lafiyayyu da ya tsaya a benci da murɗa damtse kaɗai, sama yake ginawa ya bar ƙasa.

Ka fara da tsugunno. A nan mun fi Turawa sa'a, don mu da tsugunno muka tashi, a wurin alwala, a gona, a bakin kasuwa. Sandar ta zauna a kan naman gadon baya, ƙasa da ƙashin wuya, ba a kan wuyan ba. Ƙafafu a ware daidai faɗin kafaɗa, yatsu su ɗan kalli waje. Ja numfashi ka cika ciki ka ɗaure shi, sauka har cinya ta ɗan wuce layin gwiwa, duddugai a manne da ƙasa, sannan ka tashi ka saki numfashin a sama. In dudduge ya ɗaga ko gwiwoyi suka faɗo ciki, nauyin ya fi ka, rage. Wani ɗan kokawa Musulmi mai suna Gama, da aka haifa a Amritsar ta Indiya a 1878 ya rasu a Lahor a 1960, wanda ya yi kusan shekara 50 a fage ba a kai shi ƙasa ba, tashi-tsugunna ne babban atisayensa na kullum.

Na biyu ɗagowa daga ƙasa. Sandar ta kasance bisa tsakiyar ƙafa, ƙwauri yana taɓa ta, baya a miƙe, ƙirji a buɗe. Kada ka fizga. Ka ja har ka ji hannuwa sun miƙe sandar ta yi nauyi a tafinka, sannan ka tokari ƙasa da ƙafafu, sandar tana gogar jikinka har ka tsaya. Saukewa ma ta wannan hanyar, a hankali, don faifan siminti ba ya son faɗuwa. Na uku turawa sama a tsaye: daga kan ƙirji zuwa saman kai, ciki da ɗuwawu a ɗaure, ba gantsarewa. Gantsarewar nan ce ta yi yawa har alƙalai suka kasa raba mai gaskiya da mai wayo, aka cire wannan ɗagawar daga Olimfik bayan 1972. Na huɗu jan jiki a sanda ko reshen bishiya mai ƙwari har haɓa ta haura. Na biyar ɗauka a yi tafiya: jarka biyu masu lita 25, kowace kilo 25 in an cika ta, ka fara da rabi ka je ƙarshen layi ka dawo. Duk wanda ya dubi bayan 'yan garuwa ko 'yan dakon kasuwar Giwa ya san abin da wannan ke ginawa. Bayan waɗannan biyar, in akwai sauran ƙarfi, ka hau bencinka, amma da mutum tsaye a kanka.

Kwana uku a mako sun isa, da hutun kwana ɗaya a tsakani. Jiki kamar ginin ƙasa na cikin Birni yake, ba a ɗora sabon layin tubali sai na ƙasa ya sha iska. Ka zaɓi nauyin da za ka ɗaga sau shida da tsabta, kana jin da sauran biyu a jikinka. Yi shida, huta minti biyu ko uku, ka maimaita har zubi uku. Duk zuwa ka yi ƙoƙarin ƙara ɗaya. Ranar da ka kai goma a dukan zubi ukun, ka ƙara nauyi ka koma shida: kilo biyar a tsugunno da ɗagowa daga ƙasa, kilo biyu kacal a turawa sama, a nan ƙananan ƙarafan 'yan gwangwan za su yi aikinsu. Ka sayi littafin rubutu ka riƙa sa kwanan wata da nauyi da adadi. Tsamin jiki na kwana biyu ba komai ba ne. Amma zafi mai suka a gaɓa, ko kumburi a mara ko cibiya mai fitowa in ka yi nishi, wannan na asibiti ne, ƙaba ba ta warkewa da juriya. Mai hawan jini ko ciwon zuciya kuwa ya ga likita tun kafin ya taɓa sanda.

Maganar ƙwaya ita ta fi damuna. Sandow ya rasu a 1925, ba a haɗa sinadarin ƙarfin namiji a ɗakin bincike ba sai 1935, ƙwayar kumbura tsoka ta Dianabol kuma sai 1958 ta shiga kasuwa. Tun kafin duk wannan wani Bajamushe, Arthur Saxon, ya ɗaga wajen kilo 168 sama da hannu ɗaya. Allurai da ƙwayoyin kumbura tsoka suna taɓa hanta da zuciya, suna ta da hawan jini, suna iya hana haihuwa. “Sha ka fashe” ruwa da kitse yake tarawa, ba tsoka ba. Tiramol kuma ɓoye maka zafin da ya kamata ya tsayar da kai yake yi, sai ka ci gaba da ɗagawa a kan rauni. Abincin da kake buƙata yana bakin titi: wake da shinkafa, ƙosai, alala, awara, ƙuli-ƙuli, fura da nono, ƙwai in da hali, kifi ko nama lokaci-lokaci, da barcin awa bakwai zuwa takwas. Da azumi ka rage zubi zuwa biyu, ka mai da atisayen bayan asham, kada ka nemi ƙarin nauyi sai bayan salla. Da bazara kuma ka yi da sassafe ko bayan la'asar sakaliya, da ruwan sha a kusa.

Wurin kansa yana son tsari, don mutane da yawa a garin nan in suka ga samari da ƙarfe 'yan daba suke tunawa. A Iran akwai tsofaffin gidajen ƙarfi da ake kira zurkhana, waɗanda hukumar UNESCO ta sa al'adarsu cikin kayan gadon duniya a 2010. Ƙofarsu gajera ce, kowane ƙato sai ya sunkuya zai shiga, kuma akwai jagora mai ganga da ke ba da lokaci. Mu ma fagen dambe da kokawa yana da manya da kiɗa da ƙa'ida, ba kara zube ake shiga ba. Saboda haka kafin ku ajiye faifai ko ɗaya, ku je ku gai da mai unguwa da mai filin ku faɗi abin da za ku yi. Ku sa babba guda da za a ji maganarsa. Ba shaye-shaye, ba ihu, a rufe daga cibiya zuwa gwiwa, in an kira salla a ajiye ƙarfe. Sabon zuwa ya yi mako biyu da sanda zalla, kuma kada a bari a zuga shi gwada ƙwanji da wanda ya riga shi. Mata ma suna da rabo a wannan: Ruth Ogbeifo ta ci wa Najeriya azurfa a Olimfik ta Sidni a 2000, Mariam Usman kuma tana da tagullar gasar Beijin ta 2008. Ƙananan fayafayan nan da jarka sun isa mace ta yi dukan biyar ɗin a tsakar gida.

Da damina ku ɗora fayafayai a kan katako ƙarƙashin rumfa, sandar kuma a goge ta da tsumma mai ɗan mai, a share kafin a kama. Duk wata ku duba waldar washa da ta noti, ku girgiza turakun ku ji ko sun saki. In faifai ya tsage har ana ganin waya, ko bututun tsakiyarsa ya fara motsi, kada ku liƙe shi da siminti, liƙin ba ya kamawa. Ku fasa shi da guduma, ku cire bututun ku zuba sabo, shi da ɗan'uwansa tare, don nauyinsu ya zo ɗaya.